Shekara Arba'in a Ɓoye: Yadda Sankarar Hanta Ke Ginuwa a Jiki

A shekarar 2017 aka wallafa wani bincike da likitoci daga ƙasashen Afirka 9 suka yi, ciki har da Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan. Sun haɗa bayanan majinyata fiye da 2,500 da aka samu da sankarar hanta don su ga yadda ta kaya da su, kuma abin da suka tarar babu daɗin ji. Idan aka ware Masar gefe, rabin majinyatan ba su haura shekara 46 ba lokacin da aka gano cutar, sannan rabinsu sun riga mu gidan gaskiya cikin wata biyu da rabi da gano ta.

Duk wanda ya taɓa zaman makokin irin wannan mamaci ya san maganar da ake yi a kan tabarma. "Lafiyarsa ƙalau fa da azumi." "Ciki ne kawai ya kumbura, idanu suka yi shawara, shi ke nan." Can sai wani ya rage murya ya ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne. Ba a ga laifinsu ba, don iyakar abin da ido ya gani ke nan: magidanci da ƙarfinsa, yana tsakiyar neman abinci, kan ka ce kwabo ya zube. Sai dai ido bai ga farkon al'amarin ba. Ciwon da ya gama da mutum cikin wata 3, galibi ya shekara 30 ko 40 yana ginuwa, kuma sau da yawa tun mutumin yana goye a bayan uwarsa aka aza harsashin.

Sankara, ko ciwon daji, ko kansa kamar yadda ake cewa a asibiti, cututtuka ne fiye da 100 masu hali iri ɗaya. An ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 20 suka kamu da ita a duniya, miliyan 9.7 suka mutu. Ta hanta tana cikin ukun da suka fi kisa. Tana kuma da abin da ya sa ta dace da mai son ya gane yadda kowace sankara ke tasowa, domin masana sun bi sawunta tun daga gona da ɗakin haihuwa har zuwa harafi guda a cikin ƙwayar jiki.

Jikin babban mutum tarin ƙwayoyi ne ƙanana, kimanin tiriliyan 30, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Ba zaune suke ba. Kowace rana kusan biliyan 330 daga cikinsu na mutuwa, sababbi su maye gurbinsu, yawanci na jini da na bangon hanji. Sabuwar ƙwaya kuwa daga tsohuwa take fitowa: ɗaya ce ke rabuwa biyu. Kafin ta rabu dole ta kwafe rubutun da ke cikinta kaf, ta ba kowace 'ya nata kofin. Wannan rubutu shi ne DNA, zaren gado, mai haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, biliyan 3 daga uwa, biliyan 3 daga uba. A cikinsa akwai umarnin gado kusan 20,000, kowanne da aikin da yake sa ƙwaya.

Wanda ya yi karatun allo ya san darajar ɗigo. A tsakiyar kalma, ba da nun ƙirarsu ɗaya, ɗigo ne kawai ya raba su, na wannan a ƙasa, na wancan a sama. Idan marubuci yana kwafe littafi da hannu, alƙalami ya zame masa ya sauya wa ɗigo wuri, kalma ta canza. Ɗalibin da ya zo ya kwafa daga wannan kofi zai ɗauki kuskuren ya wuce da shi, na bayansa ma haka, kowa kuma yana ƙara nasa. Haka abin yake a jiki. Kuskuren da ya shiga rubutun ƙwaya ɗaya, 'ya'yanta da jikokinta duk sun gaje shi.

Jiki bai bar abin sakaka ba. Akwai sinadaran da ke bin bayan mai kwafi suna gyara, har kuskuren da ke tsira bai fi ɗaya cikin haruffa biliyan guda ba. Wanda ya tsira ɗin ma, yawanci yana faɗawa ne inda ba ya cutar da komai. Hatsarin yana cikin umarni 'yan ɗaruruwa, waɗanda suka kasu gida biyu. Na farko su ne masu ce wa ƙwaya ta rabu. Na biyu su ne masu ce mata ta dakata, ta gyara, in gyara ya gagara ta kashe kanta cikin tsari don sauran jiki ya zauna lafiya. Sankara na farawa idan na farko suka maƙale a kan "rabu", na biyu kuma suka yi shiru.

An daɗe kafin a gane haka. Tun 1911 Peyton Rous ya nuna a Amurka cewa wani bairos na haddasa ƙari a jikin kaji, amma sai da ya jira shekara 55 kafin a ba shi kyautar Nobel. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus suka gano abin da ya girgiza masana: umarnin da bairos ɗin ke amfani da shi wajen haddasa ƙarin ba nasa ba ne, daga ƙwayar kaza mai lafiya ya ɗauko shi. Wato kayan aikin sankara suna nan a jikin kowa tun haihuwa, su ne ma ke sa jariri girma da ciwo warkewa. Lalacewarsu ce cuta.

Kuskure ɗaya bai isa ba, kuma nan rahamar take. A 2015 masu bincike a Cibiyar Sanger ta Ingila suka duba fatar ido da aka yanke wa wasu dattawa a tiyatar gyara. Fata ce lafiyayya, amma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyinta na ɗauke da irin kuskuren da ake samu a sankara. Ba su zama sankara ba don sauran matakan tsaro na nan. Abin da aka gani a yawancin sankarori shi ne sai manyan kurakurai 2 zuwa 8 sun taru a zuriyar ƙwaya ɗaya. Na farko ya ba ta ɗan fifiko, ta fi maƙwabtanta yawan 'ya'ya. Cikin dubban jikokinta wata ta sami na biyu, ta fi 'yan'uwanta. Bayan shekaru, cikin zuriyar wannan, wata ta sami na uku. Peter Nowell ne ya zayyana wannan tsari a 1976, kuma shi ya bayyana dalilin da ya sa sankara ta fi kama tsofaffi: taruwar kurakurai na son lokaci.

To me ya sa ta hanta ke kayar da ɗan shekara 40 a Afirka ta Yamma, alhali a Turai sai mutum ya haura 60? Abubuwa biyu ne suka haɗa kai suka rage mata tafiya.

Na farko shi ne bairos mai haddasa ciwon hanta nau'in B. Baruch Blumberg ya ci karo da alamarsa a shekarun 1960 cikin jinin wani ɗan asalin Ostireliya. Wanda ya ɗaure shi da sankara kuwa shi ne Palmer Beasley, da ya bi ma'aikatan gwamnati maza 22,707 a Taiwan na tsawon shekaru. A rahotonsa na 1981, mutum 41 ne suka mutu da sankarar hanta, kuma 40 daga cikinsu masu ɗauke da bairos ɗin ne.

Shekarun da mutum ya kamu su ke yanke hukunci. Babba idan ya kamu, fiye da kashi 95 cikin 100 jikinsa na korar bairos ɗin cikin 'yan watanni. Jariri kuwa, 9 cikin 10 sun ɗauka ke nan har ƙarshen rayuwa, saboda garkuwar jikinsa ba ta nuna ba, sai ta karɓi baƙon kamar ɗan gida. Yaron da bai kai shekara 5 ba yana tsakanin biyun. A ƙasashenmu yawancin masu ɗauke da shi a wannan ƙuruciya suka samu: daga uwa wajen haihuwa, daga yaro zuwa yaro ta ƙuraje da ƙujewa, ko daga reza da askar da ta taɓa jinin wani ba a tafasa ta ba, wajen yanke cibiya, cire belu, kaciya, tsaga, ƙaho ko hudar kunne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya ko ta musabaha, don haka masu ware wa mai cutar kofi da cokali zaluntarsa kawai suke yi. Babban binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da shi, kusan mutum ɗaya cikin 12, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Abin mamaki, bairos ɗin da kansa ba ya yawan kashe ƙwayoyin hanta. Garkuwar jiki ce, bayan ta farga, ke bin duk ƙwayar da ya ɓuya a ciki tana kashewa, ba ta kuma iya gamawa da shi. Hanta kuwa gaɓa ce mai tsiro, ko an yanke kashi biyu cikin uku nata takan mayar da girmanta cikin makonni ko 'yan watanni. A hanta mai lafiya ƙwayoyi ba sa yawan rabuwa. A wadda ke ɗauke da bairos, kullum ana kashewa, kullum ana mayarwa, shekara da shekaru, kuma kowace mayarwa sabon kwafi ne, kowane kwafi dama ce ta kuskure. Ga shi rikicin na fitar da sinadarai masu ƙona DNA. Inda aka yi ta rauni ana warkewa sai tabo, tabo kan tabo, har hanta mai sulɓi ta ƙandare ta yi gudaji-gudaji. A cikin irin waɗannan gudaji mafi yawan sankarar hanta ke tsirowa, ko da yake nau'in B kan haddasa ta ko hantar ba ta ƙandare ba.

Bairos ɗin yana da wata muguntar. Yakan cusa guntun rubutunsa cikin rubutun ƙwayar, kuma ɗaya daga wuraren da aka fi samunsa shi ne kusa da umarnin da ake kira TERT. Ga muhimmancin wurin. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayar mutum mai lafiya ba ta wuce rabuwa kamar sau 50, sai ta tsufa ta tsaya, domin bakin zaren gadonta na gajarta da kowace rabuwa. TERT shi ke sa a sake tsawaita bakin zaren, kuma a yawancin ƙwayoyin babban mutum a kashe yake. Idan aka kunna shi, ƙwaya ta daina ƙirga shekarunta. Fiye da rabin sankarorin hanta na da kuskuren da ya kunna TERT, sau da yawa tun a matakin farko.

Abu na biyu daga rumbu yake fitowa. A 1960 'yan talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, aka rasa dalili har aka sa wa abin suna cutar X. Da aka bi diddigi sai aka tarar duk sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil, a cikinta kuma akwai wata funfuna mai suna Aspergillus flavus. Gubar da take fitarwa ita ce afalatoksin. Funfunar na zaune a cikin ƙasa, tana son zafi da laima, ta fi kama gyaɗa da masara, musamman in fari ya wahalar da shuka a ƙarshen damina, ko ƙwari sun huda ƙwaya, ko an zuba amfanin gona a buhu bai gama bushewa ba. Idan gubar ta yi yawa tana kisa nan take: a gabashin Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 suka mutu. Amma wannan ba shi ne ruwan dare ba. Ruwan dare shi ne ɗan kaɗan kullum, a tuwon masara, a kunun gyaɗa, a ƙuli-ƙuli da yajin tsire, ba wari, ba launi, kuma wutar girki ba ta kashe ta.

Abin da ke faruwa in ta isa hanta ya cancanci a tsaya a kansa. Aikin hanta ne ta sarrafa duk baƙon sinadarin da ya shigo daga hanji don a fitar da shi. Wajen wannan sarrafawa ne take mayar da afalatoksin wani abu da ya fi asalin muni, wanda ke zuwa ya manne wa harafin G a jikin DNA. Idan ƙwayar ta zo kwafi kafin masu gyara su cire shi, sai a karanta wurin ba daidai ba, G ya koma T.

A 1991 rukuni biyu na masu bincike, ɗaya yana duba majinyata daga Qidong ta ƙasar Sin, ɗayan daga kudancin Afirka har da Mozambik, suka ba da rahoton abu iri ɗaya. A kusan rabin majinyatan da suka duba, kuskuren ya faɗa wuri ɗaya tak: matsayi na 249 a cikin umarnin p53, inda AGG ya koma AGT. Harafi guda cikin biliyoyi. A ƙasashen da abincinsu ba shi da wannan guba da wuya a ga wannan kuskure, shi ya sa masana ke ɗaukarsa a matsayin shaidar cewa afalatoksin ta bi ta wurin. An same shi a Gambiya har a jinin majinyata.

Shi p53 ba ƙaramin umarni ba ne. An gano shi a 1979, kuma David Lane, ɗaya daga waɗanda suka gano shi, ya kira shi mai gadin rubutun gado. Duk lokacin da DNA ya sami rauni, shi ke tsayar da rabuwa har a gyara, shi ne kuma ke ba da umarnin mutuwa in raunin ya fi ƙarfin gyara. A kusan rabin sankarorin ɗan'adam an tarar da shi a lalace. Mutum kofi biyu gare shi, na uwa da na uba. Giwa tana da wajen 40, kuma duk da girmanta da tsawon ranta ba ta cika yin sankara ba, abin da masana ke dangantawa da wannan yalwa.

Yanzu a haɗa biyun. Bairos ya sa ƙwayoyi rabuwa ba hutu, guba ta zo tana ɓata rubutu, har ta samu mai gadin kansa. An auna ƙarfin wannan haɗuwa a Shanghai, inda aka bi maza fiye da 18,000. Wanda aka samu alamar afalatoksin a fitsarinsa kawai, hatsarinsa ya ninka sau 3 da ɗoriya. Mai bairos kawai, sau 7. Mai duka biyun, kusan sau 60. Ƙasar Hausa, inda aka taɓa tara dalar gyaɗa a Kano, inda masara ta zama tuwon gidaje da yawa, tana cikin yankin da abubuwan biyu suka haɗu. Giya, ciwon hanta nau'in C, ƙiba da ciwon sukari su ma suna kai hanta ga wannan hali, kowanne ta tasa hanyar.

Ko bayan ƙwaya ta zama ta sankara, da sauran tafiya. Ɗaya ta zama 2, 2 ta zama 4. Sai an ninka sau 30 kafin a kai ƙwaya biliyan guda, wato ƙari mai faɗin santimita 1, girman ƙwayar gyaɗa, wanda shi ne kusan mafi ƙanƙantar da na'urar hoton ciki ke iya gani. Ninki 10 kacal bayan wannan, ƙarin ya kai kilo guda. Ma'ana, ranar da likita ya fara iya ganinsa, ya riga ya ci kashi uku cikin huɗu na tafiyarsa.

Akwai shingen da dole ya tsallake tun da wuri. Tarin ƙwayoyi ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 ba tare da jini ba, don na tsakiya za su shaƙe. Judah Folkman, wani likitan tiyata a Boston, ya kawo a 1971 cewa ƙari na aika sinadaran da ke jawo sababbin jijiyoyin jini zuwa gare shi, aka daɗe ana yi masa kallon mai mafarki kafin a tabbatar da maganarsa. A hanta abin ya fito fili. Lafiyayyar hanta tana samun kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga babbar jijiyar da ke tasowa daga hanji, amma ƙarin sankara yakan koma shan jini daga jijiyar da ke zuwa daga zuciya. Likitoci na cin moriyar wannan bambanci: a hoton da aka ɗauka bayan an yi allurar rini ƙarin kan haska kafin sauran hanta, kuma ana iya zura siririn bututu a toshe jijiyar da ke ciyar da shi.

Garkuwar jiki fa? Tana kashe ƙwayoyi masu yawa da suka kauce hanya, amma hakan na nufin waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka iya ɓuya, ko suka koyi kashe wa sojojin jini gwiwa. Gano yadda za a warware wannan dabara ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018.

Duk wannan na faruwa mutum na zuwa kasuwa da gona, yana aure, yana suna. Cikin hanta babu jijiyoyin jin zafi, a fatar da ta lulluɓe ta suke, don haka ba a jin ciwo sai ƙarin ya girma har ya miƙe wannan fata. Sannan hanta na iya ci gaba da aiki ko da babban ɓangarenta ya lalace. Lokacin da aka fara jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, cin abinci ya ragu, wando ya fara yawa, galibi an makara.

Mataki na ƙarshe shi ne yaɗuwa, kuma shi ke kashe mafi yawan masu sankara kowace iri. Ƙwayoyin da ke bakin ƙarin sukan saki maƙwabtansu, su narkar da shingen da ke kewaye da su, su kutsa cikin jijiyar jini. Sankarar hanta ta shahara da shiga babbar jijiyar nan ta hanji, ta girma a cikinta har ta toshe ta. Daga nan jini ya rasa hanya, ruwa ya taru a ciki, jijiyoyin maƙoshi su kumbura, wata rana su fashe mutum ya yi aman jini. Wasu ƙwayoyin su bi jini zuwa huhu, ko ƙashi, ko kaluluwa. Tafiyar ba ta da sauƙi gare su: gwajin Isaiah Fidler a kan ɓeraye a 1970 ya nuna ƙasa da ɗaya cikin 1,000 na ƙwayoyin da suka shiga jini ke iya kafa sabon ƙari. Amma ƙari mai ƙwayoyi biliyoyi ba ya rasa masu sa'a. Inda suke sauka ma ba kara-zube ba ne. Tun 1889 Stephen Paget ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya lura wasu gaɓoɓi sun fi wasu karɓar ta, ya ce iri sai ya dace da ƙasa yake tsirowa. Sankarar mama da ta koma ƙashi har yanzu ta mama ce, kuma maganin ta mama ake ba ta.

A wannan mataki ƙarin ba zuriya ɗaya ba ce kuma. Kurakurai sun ci gaba da taruwa, ɓangaren dama ya bambanta da na hagu. Magani ya kashe kashi 99, kashi ɗayan da bai ji ba ya hayayyafa ya cike gurbin. Dalilin da ya sa sankarar da ta yi nisa ke lafawa ta dawo ke nan, dalilin kuma da ya sa sakiya da tsaga da jiƙe-jiƙe ba sa taɓa ta. Wasu jiƙe-jiƙen ma ƙara wa hantar da ta riga ta jigata nauyi suke yi.

Amma doguwar tafiya tana da mashigai da yawa da za a iya tare ta, kuma an gwada an gani. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin nau'in B a 1984, kafin shekara 10 sankarar hanta a yara 'yan 6 zuwa 14 ta ragu da kusan rabi. A Gambiya, shirin da aka fara a 1986 da jarirai kusan 124,000 ya nuna allurar na hana ɗaukar bairos na dindindin da fiye da kashi 90 cikin 100. A Qidong, da mutane suka koma cin shinkafa maimakon masara a shekarun 1980, mace-macen sankarar hanta suka ragu har a cikin waɗanda ba a taɓa yi wa rigakafi ba.

Wanda ya fi kusa da manominmu shi ne gwajin da aka yi a ƙauyuka 20 na yankin Kindiya a ƙasar Gini, aka wallafa a 2005. Ba wata na'ura aka raba ba. An sa manoman rabin ƙauyukan tsince gyaɗar da ta lalace da hannu, shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da ta bushe sarai, zubawa a buhun algarara maimakon na leda, ɗora buhunan a kan katako, da sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata 5 da girbi, alamar gubar a jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta maƙwabtansu ba. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar: ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin funfunar da ba ta fitar da guba, a watsa kilo 10 a hekta mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure, ta riga mai gubar kama wuri. Tana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Abin takaici shi ne inda tsintacciyar gyaɗar ke ƙarewa. A gidaje da yawa mai kyau ce ke tafiya kasuwa, ƙanjamammiya da baƙa su zauna a gida don miya da ƙuli-ƙuli, ko a zuba wa dabbobi, gubar kuwa tana bi ta nonon saniya ta dawo. Wannan tsimi ne mai tsada.

Ba kowane mai ɗauke da bairos ne zai yi sankara ba. Cikin waɗanda suka ɗauka tun suna yara, kashi 15 zuwa 25 cikin 100 ne ƙandarewar hanta ko sankara ke kashewa, kuma ana iya rage wannan adadi. Magunguna irin su tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana ga wanda likita ya ga yana buƙata, suna danne bairos ɗin, rikicin cikin hanta ya lafa, hatsarin ya ragu ko da bai gushe ba. Ƙarin hanta kan ninka girmansa cikin wata 4 zuwa 6, shi ya sa ake son mai hatsari ya yi hoton ciki duk wata 6. A wani gwaji da aka yi da mutum fiye da 18,000 a Shanghai, wannan bibiya ta rage mace-mace da kashi 37 cikin 100, domin ƙarin da aka kama yana santimita 2 ana iya yanke shi ko a ƙone shi da allura mai zafi.

Najeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara a 2004, don haka duk wanda aka haifa kafin wannan shekara, da wuya a ce an yi masa yana jariri. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, sakamako cikin kamar minti 20. Wanda ba shi da bairos ya karɓi allura 3, wanda yake da shi ya nemi likitan hanta, ya kuma kai iyalinsa a gwada. Mai karatu da matarsa ke da juna biyu, ya tambayi asibitin da ke kusa da shi tun yanzu ko suna da allurar ranar haihuwa, domin ko a gida aka sauka, cikin awa 24 na farko ake so jariri ya same ta.